Lokotoro Maikano da Gyambon Cikinsa

Maikano ɗan garin Ɗan Kassari ne. Ubansa ya tafi cin rani Kano aka haife shi, shi ya sa aka laƙa masa sunan, amma shi kansa har furfura ta fara fito masa bai taɓa wuce Birnin Ƙwanni ba. Aji uku ya yi a lakwal, makarantar boko, ya fito ya kama noman hatsi tare da ubansa. Da ya ga noma ba ya cika rumbu kowace shekara, sai ya koma tallan goro da alawa a faifai. Yana cikin wannan ne wani falke da ke tsallaka iyaka ya ba shi kwali ɗaya na ƙwayoyin magani ya ce ya gwada. A mako guda Maikano ya gane abin da ya sauya rayuwarsa: goro yana bushewa, alawa tana narkewa, ƙwaya kuwa ko shekara ta yi a rana tana nan da kyanta.

Ya koma Dogon Dutsi da zama, ya auri Maimunatu, ya sayi moto, wato babur, ya sa kafinta ya yi masa akwati mai gilashi da ake ɗaurewa a baya. A wurin 'yan gwanjo ya samo wata farar riga mai maɓallai har gwiwa. Wasu sun ce ta masu gasa burodi ce, amma da ya saka ta ya tsaya a kasuwar Matankari ba wanda ya ƙara kiransa Maikano kawai. Ya zama Lokotoro, wato dakta.

Iliminsa mai sauƙi ne, kuma bai taɓa rikita shi ba. Jar ƙwaya ta jini ce. Fara ta zazzaɓi. Mai kala biyu, rabi ja rabi rawaya, ta duk abin da ya rage. Sai dai abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne wanda yake kira haɗin manoma: ƙwaya uku na kashe ciwon jiki, diklofenak da ibufurofen da asfirin, a ƙulle a 'yar leda ɗaya. Mutumin da ya yini yana huɗa ya dawo ba ya iya miƙe baya, in ya haɗiye su, washegari sai ya tashi yana neman gonar maƙwabci ya nome. Mata masu daka da masu jan ruwa a rijiya mai gaba ashirin duk sun san shi.

A yi masa adalci: Maikano bai taɓa sayar wa mutane abin da shi ba ya sha ba. Hanyoyin ƙauyen nan rairayi ne da kwari, moto kuma ba ta tausayin ƙugu. Saboda haka kullum da sassafe, kafin ya sa komai a ciki, yakan haɗiye ƙulli ɗaya, ya bi shi da shayi na farko mai ɗaci, ya ɓare goro, ya kunna sigari a bayan gida inda ƙanensa Abdulhakim ba zai gani ba. Abdulhakim mai sayar da kayan wayar hannu ne a bakin kwalta, ma'abocin gemu da ɗangalallen wando, wanda ba ya ganin sigari ya yi shiru. Abinci kuwa Maikano ba ya waiwayarsa sai la'asar ta yi, lokacin da zai tsaya wurin mai tsire ya ce a zuba yaji kamar ana rufe rami.

Ciwon ya fara ne a ƙahon zuciya, kamar an ajiye masa garwashi ɗaya. Ya duba kansa a matsayinsa na masani ya ce shawara ce. Ya jiƙa kanwa ya sha, ya yi gyatsa, ya ce ta wuce. Da ta dawo ya ce basir ne ya hau sama. Da zafin ya fara ratsawa har baya, sai ya yi abin da hankalinsa ya ba shi: tunda ciwo ne, kuma yana da maganin ciwo cike da akwati, ya mayar da ƙullin biyu a yini. Shekara biyu ana haka. Maimunatu ta ga mijinta yana ramewa, leɓensa ya yi fari, in ya zauna sai ya dafe ciki ya lanƙwashe.

"Malam, ka tai likita mana," in ji ta.

"In tai likita in ce musu mi? Ni da mutane ka zowa wurina?"

Abin ya fashe ne wata ranar kasuwa a Matankari, da hantsi. Yana tsaye yana yi wa wata tsohuwa bayanin yadda ake shan maganin ciwon ciki, sai ya ji kasuwar ta juya. Ya durƙusa ya yi amai baƙi, kamar guntun kafe a gindin kofi, ya kife a gefen motonsa. Jama'a suka taru. Wani ya kwance akwatin, aka shiga gardama: masu cewa a ba shi ja tunda jini ne, da masu cewa mai kala biyu ta fi ƙarfi. Wani bawan Allah har ya ɓare ƙulli ya nemo ruwa. A nan Maikano ya buɗe ido da kyar, ya riƙe hannun mutumin, ya ce da muryar da kowa ya ji:

"Don Allah kada ku ba ni komi daga akwatin nan. Ku kai ni likita."

Maganar nan ta riga shi isa Dogon Dutsi.

A asibiti, ɗakin maza, hannun wata ma'aikaciyar jinya ya faɗa, Fa'iza, 'yar Tibiri, ba ta fi shekara talatin ba, gajera, mai magana a hankali kamar ba ta iya faɗa ba. Ta ɗaura masa ƙarin ruwa, ta auna tansiyo, wato hawan jini, ta ja fatar idonsa ta ga ba alamar ja, ta kira likita. Aka yi masa allurar rage tsamin ciki ta jijiya, aka ce kada ya ci kada ya sha sai an ba da izini. Da ya ɗan farfaɗo ta jawo kujera ta buɗe karne, ɗan littafin mara lafiya.

"Baba, wane magani kake sha a gida?"

"Ba ni shan komi, Madam. Sai dai fura."

Maimunatu, da ke tsugune a gindin gado, ta kwance bakin zanenta ta miƙa ƙulli ɗaya. Fa'iza ta juya ledar a tafin hannunta. Ta san ta. Ta sha ciro irinta daga aljihun manoman da ake kawo mata a amalanken jaki suna aman jini, kuma duk in ta tambaya sai a ce mata na Lokotoro ne. Yau ga Lokotoron a kwance.

"Ashe kai ne," ta ce. "Sannu Baba. Mun daɗe muna aiki tare ba mu san juna ba."

Ta yi masa bayani ba tare da ɗaga murya ba. Tumbi yana da wata shimfiɗa da ke kare shi daga ruwan tsamin da yake narka abinci da shi. Ƙwayoyin nan uku kowace ɗaya tana cinye shimfiɗar, shi kuma ya haɗa su uku, a cikin da babu komai, ya bi da sigari. Ga kuma wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbin mutane da yawa, wadda likita yake zaton shi ma yana da ita. Gyambo ya buɗe, ya ci har ya taɓa jijiyar jini. Maikano ya saurara yana gyaɗa kai irin na abokin sana'a.

"Haka ne," ya ce. "Ni ma abin da ni ka zato ke nan."

Ba allura ce ta fi ba shi wahala a kwanakin nan ba, tambaya ce. Kowace safiya Fa'iza takan tsaya a kansa, a gaban mutum bakwai da masu jinyarsu, rabinsu tsofaffin masu sayen maganinsa, ta ce: "Baba, ka zaga yau? Wane kala ne? Baƙi kamar kwalta, ko ya fara sauyawa?" Sai ɗakin ya yi tsit, kowa na jiran amsa. Mutumin da ya shekara ashirin yana ba da fatawa a kan cikin jama'a, yau nasa cikin ake karantawa a fili.

Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, aka ce sai an ƙara masa. Aka gwada na Abdulhakim ya dace. Ya nannaɗe hannun riga ya bayar ba musu, sai dai da aka rataya ledar ya zauna a bakin gado ya yi wa yayansa nasiha tun daga ɗigon farko har na ƙarshe, a kan sigari da sayar da abin da ba ka da iliminsa. Maikano ba shi da ƙarfin tashi, ga allura a hannu. Da aka gama ya dubi matarsa ya ce, "Ki duba mini wandona, Maimunatu. Ji ni kai kamar ya fara ɗagewa."

Rana ta uku gwaggonsu ta iso daga Ɗan Kassari da gora a hannu. Ita a wurinta maganar a bayyane take: akwai wata tsamiya a hanyar Matankari da ba a wuce ta da rana tsaka ba sallama, yaron nan kuwa kullum sai ya wuce ta da ƙarar moto. Doguwa ce ta taɓa shi, ga jiƙo ga turare. Abdulhakim ya miƙe tsaye ya ce wannan shirka ce, ya fito da kwalbar zuma da habbatus sauda daga jaka. Suka sa mara lafiya a tsakiya, ita tana tuna masa cewa ita ta yi masa wankan jego tare da uwarsa, shi yana jawo mata hujja. Fa'iza ta shigo, ta gaida Gwaggo har ƙasa, ta gaida Malam Abdulhakim, ta karɓi gorar da hannun dama, kwalbar da hannun hagu, ta sa su a kabad ɗaya ta kulle.

"Ranar sallama kowa ya zo ya ɗauki nashi," ta ce. "Yanzu kunu kaɗai na yarda, cokali biyar, marar tsami."

Gwaggo da Abdulhakim suka fita tare, a karo na farko bakinsu ɗaya: yaran likitan zamani ba su da kunya.

Bayan kwana shida aka sallame shi. Fa'iza ta zaunar da shi da matarsa ta jera kwalaye a tebur. Wannan omefirazol ne, mai rage tsamin ciki, safe da yamma, kafin a ci abinci da kamar rabin awa. Waɗannan biyun su ne masu kashe ƙwayar cutar, kwana goma sha huɗu cur, ko ya ji sauƙi ko bai ji ba. Ɗaya daga ciki za ta sa bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kada ya damu. Wannan na ƙarin jini ne, shi ma yana baƙanta bayan gida, amma in ya ga baƙin ya zo da jiri ko wari na daban ya dawo da gudu. In baya ya yi ciwo, farasitamol kaɗai. Abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Sigari a bar ta. Shayi mai ɗaci da yaji, duk wanda ya ji yana tayar masa da ciwon ya ƙyale shi. Ta zana rana tana fitowa da rana tana faɗuwa a jikin kowane kwali saboda Maimunatu.

"Duk na san su," in ji Maikano. "Ina saida irinsu."

"Sanin nan naka shi nake tsoro, Baba. Ranar randebu, in ka dawo a duba ka, ka zo mini da fankon kwalayen."

Kwana huɗu ya bi doka kamar sabon soja. A na biyar ya tashi garau: ba garwashi, ba jiri, har ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya zauna a zaure ya zuba sauran maganin a tabarma yana kallo. Maganin farmasi ne na gaske, da rubutun Faransanci, da kwanan wata da bai wuce ba, irin wanda akwatinsa bai taɓa gani ba. Ga shi ya warke. A ce mutum mai lafiya ya zauna ya haɗiye wannan kaya duka? Ya ga almubazzaranci ne, wanda ko Abdulhakim ba zai goyi baya ba. Ana haka maƙwabcinsa Luƙman, tela, ya leƙo yi masa sannu yana ƙorafin ƙwannafi. Kafin azahar kayan sun sami masu su, Luƙman da wasu mutum biyu. Fankon kuwa Maikano ya ce a dawo masa da su, ya adana a aljihun farar riga.

Mako uku bayan nan garwashin ya dawo, ya kawo ɗan'uwansa. Ranar randebu ya shiga yana murmushin dole, ya zube fankon a tebur, kowane rami a fashe.

"Ka shanye duka?"

"Ga su nan kina gani, Madam."

"Ina gani. Shekaranjiya wani tela ya zo nan. Ya ce a ba shi irin wanda Lokotoro ya ba shi, ya sha kwana uku ya ji daɗinsa."

Maikano ya dubi silin, ya dubi ƙofa, ya ce telolin garin nan sun cika surutu.

Wannan karon Fa'iza ba ta yi murmushi ba. Ta ce masa ƙwayar cutar da aka fara kashewa aka bari, waɗanda suka tsira su ne masu taurin kai, kuma maganin farko ba lalle ya ƙara kama su ba. Shi bai warke ba, Luƙman bai warke ba, an dai koya wa cutar yadda ake faɗa. Ta ce gyambon da ya yi jini sau ɗaya yana iya hudawa gaba ɗaya, in kuwa ya huda, sai an yanka, kuma ba kowa ke kai wa ɗakin tiyata da rai ba daga ƙauye. A nan ne Maikano ya ji tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗi. Ya tuna fuskokin mutanen da suka daina zuwa sayen haɗi, waɗanda ya ɗauka sun koma wurin wani ne. Bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Likita ya sauya magani, ya fi na farko yawa da ɗaci. Fa'iza kuma ta kafa sharaɗi: kwalayen a hannun Maimunatu za su zauna, a cikin kwallarta mai makulli, kuma na safe a asibiti za a sha, a gaban ita Fa'iza. Haka Lokotoro ya yi kwana goma sha huɗu yana sammako, yana zama a benci tsakanin masu ciki da masu goyo, har a kira sunansa. Ya haɗiye, ta ce, "Buɗe baki. Ɗaga harshe." Matan benci suna rufe baki da mayafi. Sauran na yini kuwa Maimunatu ke bayarwa, kuma ta ɗauki aikin da zafi fiye da yadda aka ɗora mata. Ita da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yanzu sai a ji ta daga tsakar gida: "Malam, ɗaga halshe!" Ta gano inda yake ɓoye sigari, ta jefa a murhu. Yaji kuwa ta kai gidan maƙwabta ajiya.

Ya warke. Ya yi ƙiba har farar rigar ta daina rufuwa. Da ya koma kasuwa ya cire haɗin manoma daga akwati, ya bar farasitamol da sabulu da man zafi. Sai dai ya dawo da wata sabuwar ɗabi'a da ta kashe masa ciniki: duk wanda ya ce cikinsa na ciwo, sai Maikano ya gyara tsayuwa ya tambaye shi da ƙarfi, a tsakiyar kasuwa, wane kala bayan gidansa yake. Wani dattijo a Ɗan Kassari ya ɗaga masa sanda. Mutane suka ce tun da aka sa masa jinin ƙanensa ya lalace, ba ya ba da magani sai wa'azi. Suka koma wurin wani sabon mai akwati, Ɗanmalam, wanda nasa haɗin ƙwaya huɗu ne, kuma ba ya tambayar kowa komai.

Da akwatin ya daina ciyar da gida, Maikano ya kwance shi ya sa matashi a wurin, ya zama ɗan kabu-kabu, ya kafa tasharsa a ƙofar asibiti. Bayansa yana nan yana ciwo, kuma har gobe yana cewa farasitamol maganin yara ne, amma shi yake sha. Duk mara lafiyar da ya ɗauko, kafin su iso ya gama gano cutarsa, ya shiga da shi har gaban Fa'iza ya ce, "Madam, wanga irin namu ne." Ita kuwa ta ce, "Na gode Baba, aikinka ya ƙare a bakin ƙofa." Wani lokaci yakan dace. Ranar da ya dace, duk tashar sai ta ji.

Bara, bayan an gama girbi, wata Juma'a da la'asar yana goge moto, sai ga Ɗanmalam ya zo ya tsaya kusa da shi yana waige-waige. Ya rame, leɓensa fari. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya rage murya ya ce akwai wani abokinsa da ke jin zafi nan, ya nuna ƙahon zuciyarsa, kuma abokin ya ga wani abu baƙi da safe.

"Abokin naka ƙulli nawa shi ka sha a yini?"

Ɗanmalam ya ce, "Ukku."

Daga inda suke zuwa ɗakin Fa'iza bai kai taku ɗari ba, amma Ɗanmalam ya ce ba zai shiga ta babbar ƙofa ba, idon mutane ya yi yawa. A zagaya da shi ta baya. Maikano ya ce ba komai, ya hau. Ya tayar da moto, ya hau kwalta, ya karya ta cikin kasuwa a daidai lokacin da ta cika maƙil, yana tafiya a hankali yana danna oda, yana cewa a ba da hanya, mara lafiya ne. Ɗanmalam ya ja hula ya rufe fuska, mutane suna kiran sunansa suna yi masa sannu. Da suka iso, ta babbar ƙofar dai, Maikano ya riƙe shi a kafaɗa har ciki, ya zauna tare da shi har aka ɗaura masa ruwa, sa'an nan ya tafi gidan Ɗanmalam ya gaya wa matarsa ta dama kunu marar tsami ta kawo.